Ranar da Kulob Ɗin Kawu Ya Dawo Sama

Jiya ƙaramin kulob ɗinmu ya koma babban rukuni. Ina cikin tasi a unguwar Kudai a Makka na ji a rediyo. Har na ciro waya zan kira Kawu, sai na tuna ya rasu.

Tun suna wasa a filin ƙasa a Hindawiyya yake binsu. Ranar da suka faɗo daga babban rukuni muna tare. Simintin zama na ƙuna, shayinsa na ƙamshin na'ana'a. Mutane suka watse suna zagi.

Na ce, "Tashi Kawu, mu tafi."

Ya ce, "Zauna, ɗana. Yaran nan su fita ba mai tafa musu?"

Mu biyu muka tafa.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sa ka tarar da masu tarbarka.