Rumfar Zomayen Gwaggo

Jiya da azahar na sauka Waca, na tarar yayana ya rushe rumfar karan da marigayiya Gwaggo ta yi wa zomayenta, ya kafa ta kwano. A tsakiyar bazara! Wasu sun mutu, sauran suna kwance suna haki.

"Kwano ya fi ƙarko," in ji shi.

Na ce, "Yaya, gasa su kake yi!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai jiya.

Lokacin da take raye, Gwaggo ba ta cin abincin rana sai ta yayyafa wa ƙasan rumfar ruwa, ta rataya jiƙaƙƙen buhu ta inda iska ke shigowa. Har yanzu ina jin ƙamshin danshin nan gauraye da na harawa. Wata rana ta sa na taɓa kunnen wata zomanya mai ciki, na ji shi zau.

Ta ce, "Wannan ba ta da bakin roƙo." Ta kinkimo tulun ruwan shanta ta ajiye, zomanyar ta jingina da shi.

Jiyan nan na kwashe zomayen da suka rage, ban yi wa Yaya sallama ba. Allah Ya sanyaya makwancinki, Gwaggo. Ni kam zuciyata tafasa take.