Takardar da Ke Ƙarƙashin Hannun Misis Dawson

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa iya mantawa da Talatar farko ta watan Janairun 2005 ba. Ranar ce na yi aikina daidai da ƙa'ida, kalma bayan kalma, na kuma kusa kashe karatun wata yarinya da wannan ƙwarewar tawa. Ku da kuka shigo aikin tafinta bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa nake kallon tebur fiye da bakin mai magana. To ga dalilin.

A lokacin ina shekarata ta uku a ofishin tafintoci na makarantun gwamnati a nan Greensboro ta Amurka. Kafin nan na koyar da Faransanci shekara goma sha ɗaya a Damagaram, sannan na haye teku na zama mutumin da ake kira in uba ba ya jin Turanci. Shugaban ofishinmu, Mista Reed, yana da doka ɗaya da yake biya mana kamar karatun allo: tafinta bututu ne, abin da aka zuba ta nan shi zai fita ta can. Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa, ba ka ba da shawara, ba ka zuwa gidan iyaye. Dokar tana da hikimarta, ban musa ba. Sai dai wanda ya kafa ta bai taɓa zama da uba Bahaushe a gaban malama ba.

Ga wanda bai san tsarin nan ba: a sakandaren Amurka kowane ɗalibi da jadawalinsa. Akwai ma'aikaciya da ake kira mai ba da shawara, ita ke tsara wa yaro darussan da zai ɗauka, jami'a kuma waɗannan darussan take dubawa kafin ta karɓe shi. Wadda ke riƙe da jadawali, ita ke riƙe da ƙofa. A makarantar da aka tura ni, Misis Dawson ce.

Uban da aka kira shi ne Alhaji Sanusi, mutumin Maraɗi, direban motar kai kayan ɗaki, mazaunin unguwar Glenwood. Ya zo cikin babbar riga da hula, ya ɗora kwat a sama saboda sanyi, don a wurinsa zuwa lakwal, wato makarantar boko, kamar zuwa gaban alƙali ne. 'Yarsa Balkisa tana aji sha ɗaya, shekararta ta uku a ƙasar. Ba a kira ta zaman ba. Tana can aji, ana yanke mata rayuwa a ɗaki na uku daga inda take.

Misis Dawson ta yi murmushi ta ce an zaɓi 'yarsa cikin ɗalibai goma sha biyu don wani shirin koyon sana'a a masana'antar abinci. Da rana bas zai riƙa kai su wata kwalejin sana'a, za su fita da takardar shaida, kuma wani kamfani ya yi alkawarin ɗaukarsu aiki da zarar sun gama. Na juya wannan da Hausa, ban bar ko wasali ba.

Ina cikin juyawa idona ya sauka a kan wata takarda mai sheƙi da ta danne da tafin hannunta. Gefenta ya leƙo. Hoton alade ne sanye da hular kuku, yana murmushi irin wanda har yau ban gane dalilinsa ba, ganin inda za a kai shi. Na gani sarai. Amma ba ta ambaci takardar ba, bututu kuma ba shi da ido.

Ta ce ko yana da tambaya.

"Tambaya?" in ji Alhaji, ya juyo gare ni kamar na zage shi. "Ni in tambayi malama? Malam Isufu, ka ce mata amana ce na ba ta. Abin da ta ga ya dace, shi ne."

Ya sa hannu a takardar amincewa bai ko kalle ta ba, ya yi godiya sau uku, ya fita da baya-baya. Haka muka tashi. A can gida wanda ya kai ɗansa lakwal ya gama magana. Yi wa malami tambaya daidai yake da ce masa ba ka yarda da shi ba. Ni kaina shekara goma sha ɗaya ina cin moriyar wannan al'ada, ban taɓa jin ta dame ni ba.

Bayan kwana takwas, ranar Laraba, Balkisa ta tare ni a barandar makarantar. Ta gaishe ni da Hausa har da ɗan rusunawa, sannan fushin ya zo da Turanci, don yaranmu na nan da Turanci suke fushi. Ta miƙo mini jadawali biyu, tsoho da sabo. A sabon babu kemistiri, babu babban lissafi. An cire su don a buɗe wa bas lokaci. Ta ce an kai su wani ɗaki mai sanyi kamar firji, an ba kowa rigar roba da wuƙa, ita an ce ta ɗora ragar rufe gashi a kan hijabinta.

"Tonton, ba aladen ne ya fi damuna ba," ta ce, ta dawo Hausa. Tonton, wato kawu, haka yaranmu ke kirana. "Ban taɓa shi ba, gefe na tsaya. Kemistirina fa? Ni haɗa magunguna nake son karantawa. In babu shi, wace jami'a za ta kalle ni?"

Na ce ko ta faɗa wa babanta.

"In ya ji, ba makarantar zai zo ba. Ni zai cire."

Na wuce kai tsaye wurin Mista Reed. Ya saurare ni da natsuwa, ya ce takarda ta riga ta sami sa hannu, ba mai janye shi sai uban da kansa, da ƙafarsa, kafin a tashi ranar Juma'a, don daga nan ake rufe canjin darussa na zangon. Sannan ya ce, "Ka fassara daidai?" Na ce daidai. Ya ce, "To ba ka da laifi." An sha wanke ni a rayuwa, amma ban taɓa jin wankin da ya ƙona mini fata irin wannan ba.

Na koma makarantar na ɗauki takardar nan mai sheƙi a teburin sakatariya, na karanta ta tun daga farko har ƙarshe. A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Ashe kamfanin ƙofa biyu ya buɗe wa matasa. Ta farko tallafin karatu ne har jami'a: likitan dabbobi, ɗakin gwaje-gwaje, injiniyan ruwa, yara cikin fararen riguna suna leƙa madubin likita. Ta biyu ita ce wuƙa da rigar roba. Sakatariya, baiwar Allah mai son hira, ta ce mini fom ɗin ƙofar farko an raba wa 'yan ƙungiyar noma, yawancinsu daga wajajen Pleasant Garden, inda gida ɗaya ke cin filin da zai ishi unguwa. Sai na dubi sunayen goma sha biyun nan. Namu ne, da 'yan Meziko, da 'yan Biyetnam. Babu ko ɗaya da ubansa zai iya ɗaga waya ya yi faɗa da Turanci.

Kada ku juya mini magana. Ba ni da rigima da sana'ar. Tana ciyar da gidaje da yawa a wannan jiha, na kuma san mutanen kirki da suka yi shekaru a tsaye a layin yanka suka raini 'ya'yansu da mutunci. Addinina ya hana ni cin naman, bai umarce ni da zagin maƙwabcina ba. Shi kansa aladen bai yi mini komai ba; cikin duk waɗanda ke wannan labari, shi kaɗai ne bai sa hannu a takarda ba. Abin da ya tafasa ni shi ne a ɗauki yarinyar da ta koyi Turanci cikin shekara biyu ta wuce 'yan gida a kimiyya, a dube ta a ga hannu biyu kawai.

Da la'asar na karya doka, na tafi Glenwood. Na tarar da Alhaji ya dawo daga aiki yana dafa shayi a falo. Na bari muka sha kofin farko, sannan na ajiye masa takardar. Ya daɗe yana kallon aladen, aladen yana kallonsa.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Shi ke nan. Yarinyar ba za ta koma ba." Bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce. "Zan tura ta Maraɗi wurin gwaggonta, ta ƙarasa a can."

"Da wane Faransancin, Alhaji? Saura shekara ɗaya da rabi ta gama. Ka je kawai ka janye sa hannunka."

"In je in ce wa malama ta yi kuskure? In tsinka ta a ofishinta, a gaban mutane? Haba Malam. Kai ma malami ne. Ba haka aka rene mu ba."

A nan na manta cewa ni baƙo ne a gidan. Na ce, "Wato ya fi maka sauƙi ka tsallaka da 'yarka teku da ka tsallaka titi ka yi tambaya ɗaya? Kana jin kunyar matar da ko sunan yarinyar ba ta iya faɗa daidai ba!" Sannan, tunda na riga na fara, na faɗa masa sauran: na ga takardar nan tun ranar, na yi shiru.

Ya ajiye butar shayin. "Ka gani?"

"Na gani. Dokar aiki ce."

"Ni ladabi ya rufe mini baki, kai doka," ya ce. "Sannunmu da ƙoƙari."

Sai muryar matarsa, Hajiya Rabi, ta fito daga ƙofar kicin, inda ashe take tsaye tun ɗazu. "Alhaji, in nauyi kake ji, ka zauna. Ni zan sa mayafina in je, Malam ya juya mini. Ni ban yi lakwal ba, ba malamar da nake tsoro."

Ranar Juma'a ƙarfe tara Alhaji yana ofishin Misis Dawson, cikin rigar da ta fi ta farko. Mista Reed ma ya zo ya zauna a kusurwa, wai don ya ga yadda nake aiki. Alhaji ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar iyalinta, ya tambayi sanyi, ya tambayi gajiya, har na fara tsoron da gaisuwa za mu cinye wa'adin. Can ya sunkuyar da kai, ya ce da ƙasan tebur, "Ka tambaye ta, don Allah, ba don raini ba, me ya sa aka zaɓi tawa?"

Misis Dawson ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya fi sauƙin haɗiyewa. An ce ta kawo sunaye goma sha biyu kafin hutu, ta nemi inda ba za a sha wahala ba. Da zuciya ɗaya ta amsa, tana ganin yabo take yi: "Iyalanku mutane ne masu ƙwazo, ba sa raina aiki, kuma ba su taɓa kawo mana ƙorafi ba."

Na juya masa ita kalma bayan kalma, ban sa mata ko ɗigon zuma ba. Ban taɓa jin daɗin dokar Mista Reed irin wannan safiyar ba.

Alhaji ya ɗago kai. Karo na farko ke nan da na ga ya kalli malama a ido. "Ashe shirun da na yi don girmamawa, da shi aka auna 'yata," ya ce. "Ka tambaye ta, ta duba makin yarinyar a wannan kemistirin kafin ta cire shi?"

Ta buɗe fayil. Ta ga makin. Wuyanta ya yi ja har kunne. Sai ta shiga ba da haƙuri, wai ba ta yi tunanin maganar addini ba.

"Ka ce mata ba wa'azi na zo yi ba," in ji Alhaji. "Ko da raguna ne, ko da yankan liman ne, amsata ɗaya ce. A mayar mata da karatunta. A ba ni takardar in janye hannuna."

Ranar Talata Balkisa ta koma ajinta da bashin karatun mako biyu a kanta, ta kuma cike shi. Ni kuwa na sami wasiƙar gargaɗi saboda zuwa gidan iyaye. Tana nan a ajiye tare da takardun shaidata, kuma ita ce kaɗai a cikinsu da nake jin na yi mata aiki.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Sauran yara sha ɗayan sun ci gaba da hawa bas ɗin. Wataƙila wasu cikinsu suna so, ban sani ba, don ba wanda ya tambaye su. Ɗaya ɗan wani ɗan garinmu ne, ni na yi wa ubansa tafinta. Na kira shi na bayyana masa komai, ya ce shi ya riga ya ba malama kalmarsa, ba ya komawa baya. Har yau in na tuna shi sai in ji ɗacin nan ya taso mini.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin kana tsaye ne tsakanin mutanen da suka ɗauki shiru ladabi da mutanen da suka ɗauke shi izini, kuma kowannensu yana zaton ka faɗa wa ɗayan. Tun daga ranar, kafin a fara kowane zama, nakan ce da harsunan biyu: duk takardar da ke kan teburin nan zan karanta ta da ƙarfi, sannan a kira yaron da ake magana a kansa. Na bincika littafin dokokinmu shafi-shafi, babu inda aka hana. Sun ce bututu ne mu, to. Amma in kun ga malama ta danne wata takarda da tafin hannunta, da ita za ku fara.