Dibora, Mai Kwasar Gansakukar Tafki

Kowace safiya, in Dibora ta gama karanta Littafi Mai Tsarki, sai ta ɗauki ƙwarya da rariya ta nufi tafkin bayan unguwarmu a Mirriya. Ta tattare zani, ta shiga ruwa har gwiwa, ta yi ta yaɗe koriyar gansakukar da ke kwance a kai. Ta kawo gida, ta shanya, ta daka, ta zuba wa kajinta. Shekara arba'in ke nan, 'ya'yana, sai bana da gwiwa ta ce ta gaji.

Abin ya faro ne a farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu. Wanda bai gani ba, kada Allah ya nuna masa. Dusar da ake ba kaji, mu mutane muka koma ci. Kowa ya yanka kajinsa, Dibora ta hana a taɓa nata guda shida. Tafki ya janye, saura ɗan kududdufi kore shar, shi ta riƙa tacewa. Muka yi ta dariya.

"Dibora, miyar kuka ce kike kai wa kajin?"

"Ita ce," in ji ta. "Ku dai ba ku da gayyata."

Kajin suka rayu, suka yi ƙwai mai gwaiduwa jawur.

A lokacin ne Shatu, 'yar maƙwabciyarta Barira, ta kwanta. Shekararta biyu, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, ko kuka ba ta iya yi. Dibora ta dafa ƙwai ta kai. Iya Kande, kakar yarinyar, ta tare ƙofa.

"Ƙwai ga yaro? So kike ta tashi ɓarauniya? Kuma na kazar da ke cin dauɗar tafki!"

Haka duk muka gada, har ni mai ba ku labari: yaron da ya ci ƙwai, hannunsa ba ya tsayawa. Dibora ba ta yi gardama ba. Ta durƙusa, ta ɓare ƙwan, ta ci rabi a gaban tsohuwa.

"Iya, ki bari ta rayu tukuna. In ta yi sata, ni za a kama."

Iya Kande ta dubi jikarta. Can ta matsa gefe.

Kullum ƙwai ɗaya, a murje cikin kunu. Wata bai cika ba kumburi ya saɓe. Ranar da Shatu ta miƙa hannu ta fizge ludayi, Barira ta fashe da kuka. Daga nan uwaye suka fara sallama a ƙofar Dibora, kowacce da goyo. Ba ta taɓa tambayar wa ke zuwa masallaci, wa ke zuwa majami'a ba.

Yau 'yan lakwal, masu karatun boko, na cewa akwai wani mai da ake kira omega, wanda ke bi ta ciyawar ruwa ya shiga ƙwai. Wataƙila. Dibora dai ba ta san sunansa ba, yaran ta sani.

Ke ce, Dibora, uwar kaji, uwar 'ya'yan wasu. Ke kika shiga ruwan da kowa ke ƙyama. Mun yi miki dariya, ki yafe mana. Allah ya saka miki, ya sassauta wa gwiwar nan. Ku kuma 'yan baya, in wuya ta zo, ku duba abin da ke gabanku kafin ku naɗe hannu.

Shekaranjiya Shatu, wadda yanzu take da jikoki, ta shiga gidan ta sunkuci ƙwarya da rariyar ta nufi tafki, ko tambaya babu. Dibora ta bi ta da kallo daga kan tabarma, ta ce, "Allah ya jiƙan Iya Kande. Ga satar ta fito."