Takardar da Suka Ba Saratu Ta Kai Masa

Da safen nan labarin ya same ni a tashar bas ta Kubwa. Saratu ta rasu. Mijinta ne ya kashe ta jiya da yamma a ɗakinsu na Dutse Alhaji.

Shekara shida muna ofis ɗaya, ita ke buga mana takardu. Kullum takan riga ni shiga bas ta ɗora jakarta a kujerar taga ta kama mini, don ta san jiri na ɗibata. In ta je ganin mahaifiyarta a Abaji, sai in tarar da doya a ƙarƙashin teburina.

Sau uku ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Na ukun jiya ne da safe, ni na raka ta. Ta sauke gyale ta nuna sawun yatsunsa a wuyanta. Ta gaya musu ta haɗa kayanta za ta bar gidan, shi kuma ya rantse sai dai gawarta ta fita.

Ɗan sandan da ke kan kanta ko littafi bai buɗe ba, balle ya ga ta taɓa zuwa sau biyu. Ya ce, "Madam, tsakanin miji da mata sai Allah." Ya rubuta takardar gayyata, ya ninke, ya miƙa mata. Wai ita za ta kai wa mijin da hannunta.

Na ce, "Oga, wanda ya shaƙe ta za ta kai wa sammaci?"

Ya ce babu mai a motarsu.

Ba sai da digiri ake sanin cewa wanda ya kai hannu maƙogwaro ya riga ya gwada kisa ba, kuma ranar da mace ta ce za ta tafi, ranar ce mafi hatsari gare ta. Me zai ci musu su tambaye ta inda za ta kwana a ranar?

Ni ma ban tambaya ba. Ina ta masifa, na manta ina da ɗaki.

A bakin titi ta ɗaga takardar tana dariya, ta ce, "Anti, kin ga an ƙara mini girma, na zama masinja."

A yage aka tsinci takardar kusa da gawarta.

Allah Ya jiƙanki, Saratu, Ya bi miki haƙƙinki, tun daga hannun da ya shaƙe ki har hannun da ya miƙa miki takardar nan. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya ambaci sunanta.