Kwandon Sharar Isiyaku Mai Tafireta

An ce wai an yi wa kwamfutar Isiyaku Dabo tiyata, an ciro mata ƙwaƙwalwa an dasa mata ta wani farfesa mai ritaya, shi ya sa yanzu take gaishe da mutane da Turanci. A teburin mai shayi har an ƙara da cewa Isiyaku ya suma sau uku, sai da aka juye masa ruwan randa guda. To, ƙarya ce tsagwaronta. Farfesa yana nan da ƙwaƙwalwarsa, kwamfuta ba ta gaishe da kowa. Suman ma ba a yi ba, zama kawai ya yi daɓas a ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin benci. Taubashinsa Gwadabe, ɗan gwaggonsa, shi ya baza labarin, kuma da ya tsaya a kan gaskiya ma ta isa ta tara mutane.

Isiyaku ɗan malami ne, a cikin takardu ya tashi. A gidansu idan aka ga takarda a ƙasa ba a takawa, sai an ɗaga an duba ko da sunan Allah a jiki. In akwai, a sumbata, a sa a wata jakar fata da ke rataye can sama a zaure. Ya yi shekara ashirin yana buga tafireta a wani ofishin gwamnati, har yatsunsa suka koma kamar taɓarya. Da ya bar aiki ya buɗe shago a Tudun Wada, ya sayi kwamfutar teburi ta hannu, baƙa, mai nauyin buhun masara. Sunan mai tafireta dai ya bi shi. Katin biki, takardar haya, wasiƙar neman aiki, duk shi ne, kuma kowace takarda da Bismillah yake buɗe ta. Sau ɗaya aka taɓa hana shi, ranar da Gwadabe ya zo a buga masa wasiƙar soyayya, ya dage wai irin ta Turawa yake so, a fara da sunan yarinyar kawai.

Kwamfutar nan ta tsufa tare da shi. Da safe zai kunna ta, ya sa takalmi, ya bi layi yana gaisuwa shago shago, ya tambayi mai jego, ya tsaya wajen mai ƙosai, ya raba gardamar 'yan acaɓa biyu. In ya dawo sai ya tarar ta kusa farkawa. Bai taɓa ganin wannan a matsayin ciwo ba. Cewa yake, "Dattijuwa ce, ba a yi mata gaggawa."

Sai ga aikin Islamiyyar unguwa. Ɗalibai sittin da uku za su yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar, kowa da takardar shaida mai hotonsa, kuma cikinsu har da autarsa Hanifa, wadda ta riga ta gaya wa duk ajin cewa babanta ne zai buga. Ranar Laraba ya zuba hotunan. Dattijuwa ta buɗe na farko, ta buɗe na biyu, a na uku ta ƙame. Ya matsa, ya roƙa, ya yi mata fifita da kwali. Aka kashe aka kunna har la'asar, takarda ko ɗaya ba ta fito ba. Da ya koma gida Hanifa ta tare shi a tsakar gida, ta ce, "Baba, nawa ya yi kyau?" Ya ce mata ta kawo masa ruwa.

Ranar Alhamis da hantsi Gwadabe ya ce zai kawo masa injiniya daga Hanwa. Isiyaku ya share benci yana jiran wani ƙato mai gemu, sai ga keke ya sauke wata budurwa da hijabi ruwan toka da jakar goyo.

"Ina injiniyan?"

"Ni ce, Baba. Surayya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ke ce za ki buɗe ta?"

"In ka yarda."

Ya dubi Gwadabe kamar ya haɗiye shi. Amma Asabar ba ta jira. Surayya ta cire wuta, ta kwance ƙusoshi biyu, ta zare murfin gefe. Isiyaku ya leƙa, ya ja da baya.

"Innalillahi! An yi mini sata! Ina kayan cikin?"

"Haka take, Baba. Yawancin cikin iska ne."

"Shekara goma sha ɗaya iska nake lulluɓewa da darduma?"

Ta nuna masa wani ɗan sirit kore, bai fi matajin gemu ba. Ta ce sunansa ram, shi ne kamar faɗin teburin da kwamfuta take baza aikin da ke hannunta. Nasa giga biyu ne, teburin mai sayar da goro ke nan, shi kuwa ya ɗora masa hotuna sittin da uku. Ta duba irinsa da kyau, don ta ce ba kowanne ke shiga kowace kwamfuta ba, ta ciro guda biyu daga jakarta, giga huɗu huɗu. Ta taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, ta daidaita tsagar, ta danna. Ƙas!

"Ta karya! Gwadabe, ka kawo wadda ta karya mini ita!"

"Zama ya yi, Baba. In bai yi ƙarar nan ba, bai shiga ba."

Aka kunna. Hotuna suka buɗe reras, har da na Hanifa tana murmushi. Isiyaku ya haɗa takardar farko, ya danna a adana, sai kwamfuta ta ce babu wuri. Surayya ta duba rumbun ajiya ta gan shi ja wur, cike har wuya. Ta buɗe ciki. Wannan karon ita ce ta riƙe baki.

"Baba, wannan katin bikin na 2014 ne. Kwafi tara."

"Eh. Sun haifi huɗu yanzu."

"Ba ka taɓa goge komai ba?"

"Ko ɗaya."

"To bari in rage tsofaffin."

Ta tattaro fayil kusan dubu ta ja su zuwa kusurwar allo, inda hoton ɗan kwandon shara yake. A nan ne Isiyaku ya yi tsalle ya kama wayar linzamin kwamfutar, ƙafarsa ta zame, ya zauna a ƙasa, hula ta yi nata wuri.

"Kwandon shara? Ke 'yar nan, kina da hankali? Kowace da sunan Allah a samanta!"

"Baba, hoto ne kawai, ba kwando ne na gaske ba."

"Wanda ya zana shi me ya zana? Tukunyar turare?"

Gwadabe yana dariya har da riƙe ƙofa. Surayya ba ta yi dariya ba. Ta ce masa gaskiya: in ba a samu wuri ba, ko ram ɗari aka sa, takardar Hanifa ba za ta adanu ba. Isiyaku ya dubi allon daga inda yake zaune a ƙasa. Ga Asabar, ga kwando. Ya ce, murya ƙasa ƙasa, gara ya je ya ba Hanifa haƙuri.

Surayya ta ɗan yi tunani. "Baba, a gidanku in takarda mai sunan Allah ta tsufa, yaya ake yi da ita?"

"Jaka ake sa ta, a rataye a sama."

"To jaka za mu yi mata."

Ta ciro wani ɗan rumbu mai waya, girman tafin hannu, ta jona. Ta ce ba gogewa za ta yi ba, kwashewa za ta yi, daga ɗaki zuwa ɗaki, ba za su bi ta kwandon ba ko da wucewa. Isiyaku ya jawo benci ya zauna ya sa wa kwandon ido har azahar, kamar mai gadin fursuna. Da aka gama ta buɗe masa kwandon ya gani: wayam. Ya karɓi rumbun da hannu biyu, ya naɗe shi a farin ƙyalle. Yanzu haka yana cikin jakar fatar nan ta zauren mahaifinsa.

Kafin sallar Juma'a takardu sittin da uku sun fito. Ranar Asabar Hanifa ta ɗaga tata sama, har ta kusa tsone wa malaminsu ido.

Abin da Isiyaku bai warke daga gare shi ba shi ne safiya. Ya kunna, ya sunkuya zai sa takalmi, kafin ya sa na hagu kwamfuta ta farka tana jiransa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana salati. Mai ƙosai da ta ga bai fito gaisuwa ba, har aike ta yi a tambaya ko lafiya.

Gwadabe kuwa bai bar shi ya huta ba. Ranar Litinin ya leƙo shagon, mutane cike.

"Malam mai gadin kwando! An ce shekara goma sha ɗaya kwandonka yana azumi. Ko loma ɗaya ba ka ba shi ba?"

Isiyaku bai ɗago daga allon ba.

"Ya sha ruwa jiya. Na tuna akwai takarda ɗaya tak da babu sunan Allah a kanta, wasiƙar da ka aika wa yarinyar nan ta Dutsen Abba. Na jefa ta da hannuna. Inda ita ma ta jefa nata kwafin ke nan."