Rabin Allura

Mahaifiyata ba tela ba ce, kuma idan ka kira ta tela sai ta gyara maka zance. Ita aikinta abin da teloli suka zubar. Shekara talatin da 'yan kai tana bin shagunan ɗinki da buhu, tana kwashe ƙyallayen da almakashi ya bari, ta kawo gida ta haɗa su bargo. Mutanen layi Mai Ƙyalle suke ce mata, mu kuma Inna.

Ɗinkin ba shi ne aikin ba a wurinta, rarrabewar ce. Takan zazzage buhu a kan tabarma kusa da taga, ta jera kwanduna huɗu a gabanta. Ɗaya na auduga mai laushi, wannan na jarirai ne. Ɗaya na yadi mai kauri. Ɗaya na mai santsi da ba ya shan gumi, wanda take cewa na masu son a gani ne. Na ƙarshe na 'yan firit ɗin da sai dai a cusa a matashin kai. Babu ƙyallen da ke shiga kwando sai ta murza shi tsakanin yatsunta daga wannan baki zuwa wancan, domin a ganinta duk duniya babu mai sakaci irin tela. A cikin shararsu ta sha tsintar fil da guntun reza da karyayyun allurai, tana tara su a gwangwanin madara. Muna yara da gwangwanin nan take tsorata mu. Ta ce allura in ta shiga jiki ba ta zama wuri ɗaya, tafiya take yi har ta sami inda za ta yi ɓarna. Na girma, na yi karatu, amma har yau in na ga allura a ƙasa sai gabana ya faɗi.

Akwai wani tsohon tela da ya taɓa ba ta maganaɗisu da ya ciro daga matacciyar rediyo, ya ce ta riƙa bi da shi ta kan ƙyallayen. Inna ta ɗauki abin zagi. Ta karɓa dai don kunya, ta kawo gida ta tokare ƙofar ɗaki da shi, ya shekara goma yana wannan aikin.

Da na haifi ɗana na fari, wata uku ta yi tana haɗa masa bargo, ba ta taɓa yin mai kyansa ba. A kai yake barci, a kai yake wasa da ƙafafunsa.

Yana da wata huɗu, wata safiya ina wanke-wanke, sai ga Inna ta faɗo gidana ba ko sallama, mayafi a karkace, tana haki. Ta buɗe tafin hannunta. Rabin allurar keken ɗinki ne, ɓangaren mai kauri, babu tsinin. Ta ce a gindin buhu ta same shi da ta zo kakkaɓewa. Ta riga ta biya wurin telan da ta kwaso buhun a shagonsa, ya ce ai yana kalmasa bakin wani koren yadi allurar ta karye, ya nemi tsinin bai gani ba, ya share komai ya zuba mata a buhu. Koren yadin nan kuwa na san shi. Wuri goma sha bakwai ya fito a bargon ɗana.

"Ina yaron?" ta tambaye ni.

"Yana barci."

"A kan me?"

Ban san lokacin da na isa ɗaki ba. Na fizge shi daga kan bargon, ya tsandara kuka, na tuɓe shi tsirara ina duba wuya da hamata da matsematsi. Duk cizon sauro sai in ga kamar huda ce. Sai na tuna shekaranjiya ya yi ta kuka ba dalili, na yi ta jijjiga shi, ina ƙara kwantar da shi a kan bargon nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ni kuwa in na tsorata bakina ba shi da linzami. Na faɗa wa mahaifiyata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce ita da gwangwaninta da cika bakinta, ga shi a kan jikanta za ta fara.

Ta shimfiɗa bargon a ƙasa, ta durƙusa, ta bi korayen nan ɗaya bayan ɗaya tana murzawa. Ta gama ta sake. Ta sake na uku. Sannan ta zauna, ta ce babu komai, wataƙila tsinin a shagon ya faɗi. Na ga tana so in yarda.

Ban yarda ba. Na goya yaron, na durƙusa ni ma, ba don na iya ba, don haushi kawai. Ina danna kore na biyu daga kusurwa sai na ji caka, jini ya tsatso a yatsana. Daidai wurin da yake ɗora kumatunsa ne. Kuma a gabana Inna ta murza wurin sau uku.

Ta sa reza ta farke kalmasar, tsinin ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na yi zaton za ta yi hamdala. Sai ta ɗauke shi ta ɗora a kan yatsanta, ta danna da babban yatsa, ta ci gaba da dannawa har jini ya fito, tana kallon hannun kamar na wata.

"Ban ji ba," ta ce. "Kin gani? Ban ji komai ba."

A nan ta gaya mini abin da ta ɓoye wa kowa. Kusan shekara ke nan yatsunta kamar an naɗe su da tsumma. Maɓalli ma da ƙyar take sawa. Ta ci gaba da murza ƙyallaye kamar kullum, tana gaya wa kanta hannu ya san aikinsa. Sai a lokacin na tuna rabon da in ji ƙarar wani abu ya faɗa gwangwanin nan an daɗe. Mu duka mun ɗauka teloli ne suka shiryu.

Ta fara lissafawa da yatsun da suka yaudare ta. Bargo tara ta ɗinka a shekarar, shida na jarirai. Ta ce in je ɗakinta in ɗauko abin nan da ke tokare da ƙofa, sannan in zo mu tafi, yatsuna take son aro.

Kwana uku muna bin gidaje. Matar da ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba, ita ce ke tsayawa a ƙofar mutane tana cewa a ɗauke yaro daga kan bargo tukuna, ta yi bayani daga baya. Wasu suka tausaya, wasu suka zage ta, ta haɗiye. A bargo na biyar muka ciro fil. Takwas muka duba. Masu na taran sun tashi daga unguwar wata biyu kafin nan, da jaririyarsu, babu wanda ya san inda suka koma.

Yanzu ni ke murza ƙyallayen, ita tana bi da maganaɗisu tana yi mini faɗa wai ina sauri. Shekara biyu ke nan. Duk baƙuwar fuskar da ta gani a layi sai ta tsayar da ita, ta tambaye ta ko ta san wasu mutane masu yarinya da bargo mai ruwan ɗorawa a gefe.