Fuskar da Ɗanliti Ya Zana

Shekara arba'in ke nan Malam Ɗanliti na gyaran agogo a Ƙofar Guga, da akwatin gilashi da benci ɗaya. Wayar hannu ta kwashe masa mutane, bayansa ya ranƙwafa, amma bakinsa bai yi laushi ba. Ba ya sauraron tarihin agogo. Kana cikin ba shi labari zai kifa shi ya ɓalle murfin baya, don shi inji kawai yake gaskatawa. Abin da ya rage masa a garin shi ne sunan cewa ba ya rufe gaskiya.

Ran wata Laraba Alhaji Yari, tsohon darakta daga GRA, ya iso da amininsa Ishaya, mutumin Kafancan da suka yi ofis ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya kwance agogon da ya gada wurin mahaifinsa, mai maɓalli biyu a gefe, irin wanda ake auna gudu da shi.

"Malam, raba mu," in ji Alhaji. "Wannan bawan Allah ya ce jabu ne."

"Ranka ya daɗe, dubi rubutun," Ishaya ya ce yana dariya. "Wane Bature ne zai yi lamba shida kamar tana jin barci?"

Ɗanliti ya danna maɓallin sama, doguwar allura ta kama gudu. Ya sake dannawa ta tsaya cak. Ya danna na ƙasa ta koma sha biyu daidai. Sai ya buɗe baya, ya maƙala gilashin ƙara girma a ido. Babu batir. Inji ne da ake yi wa wani da hannu, jajayen duwatsu sha bakwai, ga ɗan gargaren nan mai ginshiƙai da ke juyawa duk dannawa, ga tambarin Suwizalan ƙarƙashin ƙafar da ke lilo. Na gaske ne.

Sannan ya duba cikin murfin, inda kowane mai gyara ke karta alamarsa da shekara. Ya ga tasa, 1989. Ya tuna yadda ya ɓarar da mai a fuskar agogon nan, fenti ya tashi, ya kwashe kwana uku yana zana wata da gashin jelar akuya. Mahaifin Alhaji ya karɓa bai lura ba.

"Mi ka gani?" Alhaji ya tambaya.

Da a ce zai rufe murfin bai faɗa ba, da babu mai sani. Ya cire gilashin ya miƙa wa Alhaji.

"Inji na Turawa ne, ba shakka. Fuska kuwa ta Ƙofar Guga ce. Ni na ɓata ta asali, ni na zana wannan. Ga hannuna nan, duba."

Ishaya ya riƙe ciki don dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji ya daɗe yana leƙen murfin.

"Kai, Ɗanliti! Baba ya rasu yana yabonka!"

"Allah ya jiƙansa. Idonsa ne ba ƙarfi."

"To yanzu wa ya ci?" in ji Ishaya.

"Ku raba. Kai ka ɗauki waje, shi ciki."

Alhaji ya ajiye agogon a kan akwatin, ya ce a wanke injin kafin Juma'a. Ya kai bakin mota ya juyo.

"Kuma ka nisanta mai da fuskar."